Rumbun Legas a Bayan Tirela Yake

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina riƙe da littafin lissafi a wata rumfar kayan gwari a kasuwar Mil 12 da ke Legas. Aikin ba mai wuya ba ne. Mota ta iso, in ƙirga kwanduna, in rubuta na wane nawa ne, kuɗin mota nawa, na 'yan dako nawa, la'ada nawa, abin da ya rage a tura wa mai kaya can gida. Amma wanda ya daɗe a kan wannan benci yakan san abin da manya ba sa sani sai an kai musu a takarda. Mukan gane an yi ruwan ɓarna a Kebbi tun kafin rediyo ta faɗa, domin albasar Aliero takan iso da laushi a jikinta. Mukan gane fetur ya gagari masu lambu a Kura da Kadawa daga yadda tumatir ke zuwa ƙanana, alamar an rage masa ban ruwa.

Akwai wata mota da ba na mantawa da ita. A cikin zafin Maris ne, ta taso daga Ɗanja, kuma kwando talatin a cikinta na kawuna ne. Tafiyar da aka saba yi a kwana biyu zuwa uku, sai a rana ta biyar ta shigo. Wata tanka ce ta faɗi ta tare hanya kafin gadar Jebba, motoci suka yi jerin da ba a ganin ƙarshensa. Tun kafin direba ya kashe inji muka san labari, saboda jan ruwa ne ke tsiyaya daga ƙarƙashin bodi, ƙuda kuwa kamar an yi musu gayya. Kwandunan sama sun sha rana, na ƙasa sun sha nauyi. Matan da ke sayen fasasshen tumatir, wanda a nan ake kira esha, su ne suka yi kasuwa a ranar, suna tayawa yadda suka ga dama, mu kuma ba bakin musu.

Da yamma na kira shi.

"Kawu, kaya sun iso, amma fa sai haƙuri."

"Nawa ya fita?"

Na faɗa masa abin da ya rage bayan an cire kuɗin mota. Bai kai kuɗin takin da ya zuba ba, balle mai, balle lebura. Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke, sannan ya ce, "To, Allah ya sa hakan ne mafi alheri. Ka gaishe da maigidanka."

A makon nan ɗin, a gidajen Agege da Mushin, mata na ƙorafin tumatir ya fara tsada. Manomi ya faɗi, mai saye ya sha tsada, abincin kuma yana kwance a kwata. Tun daga ranar, duk lokacin da na ji wani babba a talabijin yana cewa maganin yunwa shi ne mu koma gona, sai in ce a raina ai kawu bai taɓa barin gonar ba. Abin da ƙasar nan ta rasa rumbu ne. Muna noma, muna ci hannu baka hannu ƙwarya, kuma birni mai mutum sama da miliyan ashirin kamar Legas ba shi da wata ajiya da ta wuce abin da ke bayan tireloli tsakanin Zariya da Ibadan a wannan daren.

Wanda ke ganin na yi ƙari, ya tuna ƙarshen Fabrairun 2021. Bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta tsayar da lodi zuwa kudu. Kusan mako ɗaya kawai aka yi. A cikin 'yan kwanakin nan rumfunanmu suka zama fili, mahauta a mayankar Oko-Oba ta Legas suka zauna suna hira, farashin kayan miya ya ninka. A can Arewa kuwa tumatir da albasa suka rasa mai taya su. Ban goyi bayan wancan mataki ba, har yau ma ba na goyon baya, domin 'yan'uwanmu masu lambu su suka fi kowa asara. Amma ya nuna wa kowa tsawon igiyar da birnin nan ke rataye a kai.

Wancan mutane ne suka tare hanya, kuma da mutane ana iya zama a sasanta. Da ruwa fa? A ambaliyar 2022, wadda ta kashe sama da mutum 600 ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, ruwa ya hau titi a wajen Lokoja, manyan motoci suka yi kwanaki a tsaye. A ƙarshen Mayun 2025 ruwa ya afka wa Mokwa cikin dare, sama da mutum 150 suka rasu, kuma Mokwa tana kan ɗaya hanyar ce, wadda ke bi ta Jebba da Ilori. Duk direban da ya san Kurmi zai gaya maka hanyoyin nan biyu su ne maƙogwaron Legas. Dukansu kogin Kwara suke tsallakawa, dukansu kuma ruwa ya nuna yana iya shaƙe su.

Kakanninmu ba su san kalmar sauyin yanayi ba, amma sun san damina ba ta da alkawari. Shi ya sa a gidan da na tashi rumbu uku ne. Na farko ana ci daga kaka. Na biyu ba a fasa shi sai ruwa ya sauka, lokacin da aikin gona ya yi nauyi, hatsi kuma ya yi tsada a kasuwa. Na uku kuwa maigida kaɗai ya san abin da ke ciki, kuma dawa takan shekara biyu a cikinsa a damenta. Tsofaffi sun gaji labarin Kakalaba, yunwar 1914, wasunsu kuma sun ga farin 1973 da idonsu, lokacin da shanu suka riƙa faɗuwa a kan hanya. Duk yaron da ya yi makarantar allo ya san shawarar da Annabi Yusuf, alaihis salam, ya ba sarkin Masar: a yi noma shekara bakwai, a bar hatsin a zangarniyarsa sai ɗan abin da za a ci, saboda shekarun tsanani da ke tafe. Mun haddace ƙissar, muna jin ta a tafsiri kowane azumi, amma ƙasarmu ba ta yi aiki da ita ba.

Ga shi kuwa yanzu ne aka fi bukatar rumbu na uku. Ruwan da aka saba tsammani a wata kaza sai ya makara, a yi shuka ya ɗauke, a yi binne sau biyu, sannan a marka ya zubo na wata guda a dare ɗaya. A Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, Maiduguri ta kwana cikin ruwa. Tafkin Chadi, wanda a shekarun 1960 ya kai murabba'in kilomita dubu 25, ya janye ya bar kaɗan daga girmansa na da, kuma busasshen kifin Baga da ake sayarwa a Legas daga can yake. Shi tumatir ba ya son zafi, idan dare bai yi sanyi ba fure zubewa yake yi. Zafin da tumatir ke gudu kuwa shi tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna sharon take so. A 2016 ta cinye gonaki har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, masana'antar Ɗangote da aka buɗe a Kadawa a shekarar ta rasa abin niƙawa. Tun daga lokacin ba ta bar mu ba, duk bazara sai ta leƙo.

Sai kuma bakunan da ke ƙaruwa. Mutanen duniya sun cika biliyan 8 a Nuwamban 2022. Mu nan mun haura miliyan 220, kuma hasashen Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne kafin 2050 za mu wuce miliyan 350. Wannan lissafi ba a takarda kawai yake ba, a kasuwar Dawanau ake ganinsa. Riɗi ya tafi Sin da Japan da Turkiyya, zoɓo ya tafi Meziko, citta da waken soya kowa na nema. Da naira ta faɗi a 2023 da 2024, mai riƙe da sefa ya zama sarki a kasuwannin kan iyaka, masara da gero suka riƙa tsallakawa. Ba na zargin manomin da ya sayar wa wanda ya fi tsoka. Ni ma da nawa ne haka zan yi. Abin lura dai shi ne tuwon gidanka yanzu yana takara da aljihun mutumin da ba ka taɓa gani ba.

Idan kuma abu ya yi tsanani, kowa nasa rumbun yake rufewa. A Yulin 2023 Indiya, wadda ta fi kowace ƙasa fitar da shinkafa, ta hana fitar da farar shinkafarta in ba basmati ba, farashi ya tashi a duniya. A 2024 maƙwabciyarmu Nijar ta hana fitar da hatsinta. Da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a Fabrairun 2022, burodin Agege ne ya fara ba mu labari: ya ƙanƙance, ya ƙara kuɗi, saboda kusan duk alkamar da muke ci ta jirgin ruwa take zuwa. Mai shayin da ke bakin layinmu bai san inda tekun Bahar Aswad yake ba, wanda alkamar Rasha da Yukren ke fitowa ta cikinsa, amma ya san ranar da ya daina ba da ƙari. Wani abin da ke ɗaure mini kai ma shi ne taki. A Lekki, nan cikin Legas, akwai masana'antar yuriya mai iya fitar da tan miliyan 3 a shekara, an ƙaddamar da ita a Maris ɗin 2022, jiragen ruwa na lodi zuwa Barazil da Amurka. Kasuwanci ne, ba laifi. Amma kawu yana sayen taki a kwano, yana ɗiba da yatsu uku yana sa wa kowane gindi kamar mai zuba gishiri a miya.

To me gwamnatoci suka yi? Sun yi abubuwa da yawa, sai dai kowanne yana warware na gabansa. A Agustan 2019 aka rufe iyakoki, aka ce mu ci abin da muka noma. Mutane suka zuba kuɗi a shinkafa, injinan casa suka cika Kano da Kebbi, a Janairun 2022 aka jera dalar shinkafa a Abuja aka ɗauki hoto. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, kuɗin mota da na ban ruwa suka yi tashin gwauron zabi. A Yulin shekarar aka ayyana dokar ta-ɓaci a kan abinci. Zuwa tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari, sai aka buɗe ƙofa ta kwana 150 a shigo da masara da shinkafa da alkama da wake ba haraji. Farashi ya sauko. Ni mai iyali ne a gidan haya, ƙarya nake yi in na ce ban ji daɗi ba. Wanda ya ga abin da ya faru a Yaba a Fabrairun 2024, inda mutane suka mutu a turmutsutsun sayen shinkafa mai rahusa, ba zai ce kada a kawo ɗauki ba. Amma wanda ya sayi taki da tsada a damina ya zo kaka ya tarar buhun masara ya karye, darasin da ya koya shi ne ya rage gona. Sauƙin bana daga aljihunsa aka ciro shi, kuma baɗi zai karɓi abinsa daga namu.

A cikin Fabrairun 2024 ɗin ne aka ba da umarnin fitar da tan dubu 42 na hatsi daga ma'ajiyar gwamnati. Adadin yana da daɗin ji. Ni mai lissafi ne, sai na raba shi da yawanmu: kowa bai samu rubu'in kilo ba, wato da ƙyar ya kai kwatan derikar da matan Legas ke awo da ita. Rumbun ƙasa ke nan. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu sai yunwa ta ƙwanƙwasa ƙofa muke tambayar ina makulli.

Abin da nake so a yi tsoho ne, ba ni na ƙirƙiro shi ba. A kaka, lokacin da hatsi ya faɗi, hukuma ta shiga kasuwa ta saya a farashin da aka sanar tun kafin shuka, yadda manomi zai san ƙasan da ba zai faɗa wuce shi ba. A tsakiyar damina, lokacin da tiya ta gagari talaka, ta fito da shi ta sayar. Manomi ya tsira a Nuwamba, ɗan birni ya tsira a Yuli, da hatsi ɗaya. Na san abin da za a ce, kuma gaskiya ne: wa zai riƙe makullin? Duk mun ga Oktoban 2020, lokacin da jama'a suka fasa ɗakunan ajiya a jihohi da dama, har da nan Legas, suka tarar da kayan tallafin korona jibge. Saboda haka ban yarda a tara komai a hannu ɗaya ba. A bar ƙungiyoyin manoma da na 'yan kasuwa su riƙe ma'ajiya a garuruwansu, mai kaya ya ajiye a ba shi takarda, banki ya karɓi takardar ya ba shi rance, kada bukatar kuɗin makaranta ko na asibiti ta sa shi kaɗar da amfaninsa a ranar da ya fi arha. A kuma riƙa karanta abin da ke cikin kowace ma'ajiyar gwamnati a rediyo duk wata, kamar yadda ake karanta farashin kasuwa.

A nan dole a bambance ajiya da ɓoyewa. Lokacin da aka rufe wasu manyan shagunan hatsi a Dawanau a farkon 2024 bisa zargin ɓoye abinci, mutane sun yi tafi. Akwai azzalumai, ban musa ba. Amma in duk mai ajiye hatsi ya zama mai laifi, wa zai saya a kaka? Me za a ci a Agusta?

Ruwa ma yana da rumbunsa. Audu Baƙo ya gane haka tun yana gwamnan Kano, kuma madatsar Tiga da aka gama a 1974 ita ce har gobe ke shayar da lambunan da ke cika Mil 12 a rani. Ruwan da ke cinye ƙauyuka a Satumba shi ne wanda ake nema da kuka a Maris. A yashe madatsun da suka cika da yashi, a gyara magudanan da suka fashe, a taimaka wa mai lambu ya koma injin sola ya huta da jarkar fetur.

Kayan gwari kuwa rumbunsu sanyi ne da sauri. An daɗe ana ƙiyasta cewa kusan kashi 40 cikin ɗari na tumatirin ƙasar nan ba ya isa tukunya, kuma abin da idona ke gani bai saɓa wa haka ba. Layin dogo ya haɗa Ikko da Kano tun 1912, a kansa aka yi ta jigilar gyaɗa da shanu kafin a haifi iyayenmu. A 2016 an gwada ɗauko shanu a jirgin ƙasa daga Gusau zuwa Oko-Oba, aka yi biki, daga nan shiru. Yau direba yana tsayawa a shingaye fiye da yadda zai iya ƙirgawa, na masu kaki da na masu sanda da rasit, kowa da abin da zai karɓa, kuma duk minti ɗaya a rana tumatir ne ke biya.

Mu ma 'yan kasuwa muna da namu laifin, kada in yi ta nuna wasu da yatsa. Kowa a cikinmu ya san akwatin roba ya fi kwando kare kaya, domin nauyin na sama ba ya sauka a kan na ƙasa. Amma da yawa ba sa so, wasu saboda kuɗin mayar da shi Arewa ba kaya, wasu kuwa saboda a kwando ne ake iya jera manya a sama a ɓoye ƙanana a ƙasa. Kauɗar da muke shanyawa a gefen titi ƙura da tayar mota ne ke gama ta. Wake kuma, tun 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da namu saboda maganin ƙwari da ake barbaɗa masa a ajiya. Abin da Bature ya ƙi, mu muke dafa wa 'ya'yanmu, alhali akwai buhu mai leda biyu a ciki da ke kashe ƙwaro ba tare da ɗigon magani ba.

Duk wannan magana ce ta inda ake iya zuwa gona. Ba a manta da manoman shinkafa na Zabarmari da aka yanka a Nuwamban 2020 ba, kuma a sassan Zamfara da Katsina da Neja sai an biya 'yan bindiga kafin a shuka, a sake biya kafin a girbe. Wannan kuɗin ma yana cikin farashin da ake biya a Legas, ko da ba ya fitowa a littafina.

Ga 'yan'uwanmu masu garin nan kuma, ina ganin lokaci ya yi da za su daina kallon ambaliyar Jigawa ko harin Zamfara a matsayin labarin wata ƙasa. Gwamnatin Legas ta taɓa gane haka. A 2016 ta haɗa hannu da Kebbi suka fito da shinkafar da aka kira LAKE, mutane suka yi layi suna saye. A Janairun 2023 ta buɗe katafaren injin casa a Imota da ke yankin Ikorodu, mai iya cashe tan 32 a awa ɗaya. Inji ne na gani na faɗa, amma shinkafar da zai cinye ba a Ikorodu za a noma ta ba. Kuɗin da Legas za ta sa a madatsa a Kebbi ko ɗakin sanyi a Kura ba sadaka ba ne, cefanen gidanta ne.

A watan jiya na sake kiran kawu in ji shirin rani. Ya ce bana rabin lambun zai yi, ɗaya rabin ya ba da jingina ya biya bashin taki. Na tambayi ƙanena, ɗansa na biyu, wanda shi ne ƙarfin gonar, shi ke tayar da inji tun asuba.

"Ai yana hanya," in ji shi. "Ya hau motar albasa shekaranjiya. Ka riƙe shi amana, ka nema masa abin yi."

Ya iso da asubar Laraba a saman buhuna, fuskarsa fari fat da ƙura, da 'yar jakarsa a hannu. Na kai shi ya yi wanka, na saya masa shayi da burodi. Da maigida ya fito na gabatar da shi, ya dube shi sama da ƙasa ya ce yaron yana da ƙashi, a ba shi gammo. Na buɗe littafi, na rubuta sunansa a shafin 'yan dako.